Yadda Malama da Mai Jinya Za Su Kula da Kansu Kafin Jiki Ya Kwantar da Su

Duk wanda ya shigo dubiya tambayarsa ɗaya ce: ya mai jiki? Uban da ya leƙo makaranta shi ma tasa ɗaya ce: yaron nan yana ƙoƙari kuwa? Wadda ta kwana tana juya majinyaci, da wadda ta wuni tana ɗaga murya a kan yara ɗari da 'yan kai, ba kasafai ake tambayarsu nasu jikin ba. Ni duka biyun nake yi. Da safe ina koyar da 'yan aji uku a wata firamaren gwamnati ta wajen Rigasa a nan Kaduna, da yamma da dare kuma ina jinyar Innata a gidanmu na Tudun Wada, tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Da ke zan riƙa magana, Malama, don yawancin masu wannan ɗawainiya mata ne, amma Malam ma ya matso, akwai rabonsa a ciki.

Hutu ba ya zuwa da kansa, kuma ba wanda zai lura kin gaji ya kawo miki shi har ɗaki. Sai kin yanka masa lokaci, kin ɗora aikin wannan lokacin a kan wani takamaiman mutum, da sunansa da ranarsa. Duk sauran dabarun da zan lissafa a kan wannan suke tsaye.

Rabon jinya

A gidajenmu ba a cika raba jinya ba, faɗowa take yi a kan mutum ɗaya: wadda ta fi kusa, ko wadda ba ta iya cewa a'a, ko bazawarar gidan, ko matar ɗan da tsohuwa take zaune a wurinsa. Sauran su zo ranar Lahadi da ledar lemo, su ce Allah Ya ba da lada, su kama hanya. Amin, muna so. Amma ladan ba ya hana baya ciwo.

Ki tara 'yan'uwa, ko a falo ko a waya. Kada ki buɗe taro da ƙorafi, don da zarar kin ce “ni kaɗai aka bar wa”, zance ya koma wa ya yi wa bai yi ba, a tono abin da ya faru tun rabon gado, a tashi baram-baram. Ki zo da takarda. Ki rubuta ayyukan yadda suke: wanka, wankin zannuwa, juyi cikin dare, abinci, sayen magani, kai ta asibiti, zaman rana lokacin da kike makaranta. Da yawansu ba mugunta ce ta hana su ba. Ba su san yawan aikin ba ne, tunda duk sanda suka zo sai su tarar da ɗaki a share, tsohuwa tana ƙamshin turaren wuta, su ɗauka haka take kwana take tashi.

Sannan ki roƙi abu mai iyaka. “A riƙa taimaka mini” ba ya kama kowa, kowa zai gyaɗa kai ya ɗauka da na kusa da shi ake. Abin da yake kamawa shi ne irin wannan: “Yaya, ranar Asabar daga bayan asuba zuwa la'asar Inna tana hannunka. In wani uzuri ya taso, kai za ka samo wanda zai tsaya maka.” Wanda yake Abuja ko Legas ba zai zo juyin dare ba, to ya ɗauki kuɗin famfas da magani, ko albashin matar da za ta zauna da rana, a kuma sa ranar da kuɗin zai riƙa shigowa kowane wata. Maza akwai aikinsu birjik. Sammakon bin layin kati a asibitin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho, ɗaga ta zuwa mota, rakiya wurin gashin ƙashi, duk ba sai mace ba. In kuwa uba ne a kwance, wanka da kai shi bayi na 'ya'yansa maza ne, shi kansa ya fi samun sakewa da haka.

In uwar miji kike jinya, kada ke ki kira taron. Ki zauna da maigida lokacin da yake cikin natsuwa, ki nuna masa takardar, shi ya kira 'yan'uwansa. Magana ɗaya ce, amma in ta fito daga bakinki za a ce kin gaji da uwarsu, in ta fito daga bakinsa za a ce tsari ne.

Ki sayi littafin rubutu irin na yara ki ajiye a gefen gadon. Sunan kowane magani da lokacin shansa, awon jinin kowace rana, ranar komawa asibiti, abin da likita ya hana, duk su shiga ciki. Muddin bayanan nan a kanki kaɗai suke, babu mai iya karɓarki ko da yana so, kuma ko kin fita wayarki ba za ta huta ba.

Sai 'yan dubiya. Zuwansu alheri ne, majinyaci yana jin daɗinsa, amma duk wadda ta yi jinya ta san cewa wani lokacin hidimar baƙi ta fi ta majinyacin gajiyarwa: shimfiɗa tabarma, kawo ruwa, ɗora tukunya, ba da labarin yadda ciwon ya fara sau goma a wuni, rakiya har ƙofar gida. Ki roƙi babban gida ya sanar cewa dubiya daga la'asar ce zuwa magariba. Ruwa ya isa, ba a yi wa ɗan dubiya girki. In na kusa ya tambaya me za a kawo, ki daina cewa “wallahi ba komai”. Ki ce sabulun wanki, ki ce famfas, ki ce man shafawa. Katan ɗin lemon kwalba ba shi da amfani ga mai ciwon suga, yaran gida ne za su shanye. In ƙawarki ce ta ƙut da ƙut ta zo, ki ce mata, “Zauna mini da ita, zan ɗan runtsa.” Wannan ita ce dubiyar da ta fi kowace.

Dare

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Majinyacin da ba ya iya motsa kansa kuma ana so a juya shi kamar duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu, duwawu da dugadugai. Lissafin nan biyu ba sa haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Wadda ta ce za ta haɗa su, a aji za ta biya bashin: mantuwa, saurin fushi, gyangyaɗi a kan rajista.

Mu abin da muka yi shi ne raba dare gida biyu. Ƙanwata tana riƙe daga isha'i zuwa ƙarfe biyu, ni in karɓa zuwa asuba, mako na zagayowa mu yi musanya. Wadda ba ta kan aiki ba ta kwana a ɗakin, don in kina jin kowane tari da kowane nishi, idonki ne kawai a rufe. Maganar Inna ta yi nauyi tun da ciwon ya same ta, saboda haka muka ɗaura cokali da zare a jikin kofin silba kusa da hannunta na hagu. In tana son wani abu sai ta ƙwanƙwasa. Tun daga nan mai tsaro ta daina zabura tana haska fitila a fuskarta don ta ga ko lafiya.

In kin dawo daga makaranta, ki yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 kafin ki taɓa tsintsiya. Kada ta wuce haka, in ta yi tsawo za ki tashi jiki a mace, barcin dare kuma ya gudu. Shayi mai ƙarfi da goro a bar su daga la'asar. Waya kuma, ke ma kin sani. Awa guda da ake kashewa a WhatsApp da TikTok bayan an kwanta, daga cikin barcin nan da bai isa ba ake cire ta.

Baya

Kada ki ɗaga babban mutum ke kaɗai, kuma kada ki ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Ki ninka zanen gado mai ƙarfi ki shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu, kowa ya kama gefe, a ƙirga, a matsar tare. In za ki ɗaga, ki matso jikinsa sosai, ki ware ƙafafu, ki lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe, kuma kada ki murɗa ƙugu da nauyi a hannu, ki juya da ƙafafunki. Katifa a ƙasa ita ce ta fi cin bayan mai jinya, don komai a sunkuye ake yinsa. In da hali a ɗora ta a kan gadon da ya kai ƙugunki. Ranar da kuka je gashi, ki ce wa ma'aikacin ya nuna miki da hannunsa yadda ake tayar da ita zaune da yadda ake mayar da ita kan keken guragu. Suna nunawa, tambaya ce ba a cika yi ba.

Murya

Manomi yana wasa fartanyarsa, tela yana sa wa kekensa mai, amma mu malamai muna aiki da maƙogwaro shekara da shekaru ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake kula da shi. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani biyu da suke kaɗawa suna haɗuwa, a wurin mace kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya. In ana tilasta musu da ihu kullum sai su kumbura, daga baya su yi kanta, murya ta dishe ta ƙi dawowa. Ƙurar alli da ta hunturu suna ƙara busar da su, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Fabrairu rabin ofishin malamai da ƙyar ake jin gaisuwarsu.

Abu na farko, ki daina yin gasa da surutun yara. Ba za ki ci ba, sun fi ki yawa. Ki koya musu alama tun makon farko na zango. Ni tafi nake yi sau uku, su amsa da biyu, su naɗe hannu. Wata abokiyar aikina ƙaramar ƙararrawa take kaɗawa, malamin wasanni kuma usur. Ba na fara magana sai aji ya yi tsit, ko da zan tsaya ina kallonsu na ɗan lokaci. Da farko za ki ga kamar ɓata lokaci ne, amma yara suna gane malamar da ba ta magana a cikin hayaniya.

Na biyu, kada ki yi bayani kina fuskantar allo. Ki rubuta, ki juyo, sannan ki yi magana. Ki shiga tsakiyar aji maimakon ki jefa murya daga gaba zuwa bango na baya. Bitar haruffa da jadawalin lissafi, wadda ake maimaitawa da ƙarfi, ki ba monita ko wani yaro mai zaƙin murya ya ja, ke ki zagaya kina gyara. Su suna jin daɗi, ke kin huta. Akwai 'yar lasifikar da ake ratayawa a ƙugu mai makirfo a kunne, ana samunta wurin masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Wadda take da aji mai cunkoso, in ta samu sarari ta saya, ta fi sabon leshi amfani.

In murya ta riga ta dishe, raɗa ba hutu ba ne, yana ƙara wahalar da ita. Ki yi magana a hankali da muryarki ta ainihi, ko ki yi shiru. Yawan gyaran murya ma gurzar tantanin yake yi, gara ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Da dare ki yi surace da ruwan zafi zalla. Ruwan ɗumi da zuma da citta yana sanyaya maƙoshi, alewa mai yaji-yaji ma haka, amma ɓoye ciwon kawai suke yi, ba izinin komawa ihu ba ne. Dishewar da ta wuce mako uku ba ta mura ba ce, a je a duba. Asibitin kunne na ƙasa yana nan cikin Kaduna, kuma suna duba hanci da maƙogwaro.

Akwai maganar da ba a cika faɗa a fili ba. Malamai mata da yawa da gangan suke ƙin shan ruwa a makaranta, saboda bayin ba ya shiguwa, ko babu shi sam. A wuni ana riƙe fitsari cikin zafin Maris da Afrilu, sai ciwon kai, sai ciwon mara, sai a ce sanyi ne. Wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce, don haka kada ki yi maganinta ke kaɗai ta hanyar ƙishirwa. Ku haɗu ku matan, ku ware bayi ɗaya ku sa masa kwaɗo, ku yi karo-karon buta da sabulu da ladan mai wankewa. Inda babu, a nemi alfarma a wani gida na maƙwabta, shugaban makaranta ya shiga maganar. Sannan kowa ta zo da gorar ruwanta ta ajiye a kan tebur tana kurɓa tsakanin darasi. Da azumi kuma ki sha isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur, ki tsara darussan da yara za su fi ki magana.

Littattafan makin kada su riƙa bin ki gida kullum a buhu. Aikin da amsarsa ɗaya ce, yara su yi musanyar littafi a yi makin tare a allo. Wanda yake buƙatar idonki, ki ɗauki layi ɗaya yau, gobe na gaba, kafin mako ya ƙare kin ga hannun kowa. In ku uku ne kuke koyar da aji uku, ku raba rubutun shirin darasi, kowa ta ɗauki fanni. Lokacin tara kuma na cin abinci ne. Ki zauna ki ci, ko ƙosai ne da kunu, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogalen da kika ƙullo daga gida. Shari'ar wa ya ɗauki fensirin wa za ta iya jira.

Ƙwayoyi da awon jini

Hanya mafi sauƙi in jiki ya yi tsami ita ce a tsaya a kemis a ce a haɗa na ciwon jiki, a ba ki ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a 'yar leda, ba suna ba komai. Ki daina karɓar abin da ba ki san sunansa ba. Irin su diclofenac da ibuprofen, in ana shan su kullum, musamman ciki ba komai, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma iya ɗaga hawan jini. Farasitamol ma yana da iyaka: babba kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma wannan iyaka ce, ba abin da ake so a kai ba. Taramol kuwa, da yawa da sunan ƙarfin aiki suka fara shi. Ciwon da yake dawowa kullum tambaya yake yi, a kai shi wurin likita.

In kin ɗaura wa majinyaci na'urar awon jini, ki ɗaura wa kanki kafin ki mayar da ita kwali, ki rubuta a bayan littafin nan. Hawan jini ba ya sallama, kuma yana bin dangi. In awonki yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, ki ga likita, kada ki ɗebi na tsohuwa ki sha. In kina cikin tsarin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ki san asibitin da aka rubuta miki, ki riƙa amfani da shi. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda yake cikin dunƙule. Tunda an riga an rage wa majinyaci, ku ci tukunya ɗaya, kin huta da girki biyu. Hukumar ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ba sai kin je Dandalin Murtala da kayan wasanni ba, ko da yake masu zuwa da sassafe suna jin daɗinsa. Ki sauka daga Keke kafin ki iso, ki ƙarasa da ƙafa da ɗan sauri.

Abin da yake cikin rai

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da aiki yake jawowa in matsinsa ya daɗe ba a magance ba, ta ce alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ya ga ba ya iya abin da ya saba iyawa. A aji ga yadda take zuwa: yaron da a da yake ba ki dariya yanzu muryarsa ma haushi take ba ki, bulala ta riga baki fita. A ɗakin jinya kuma, tsohuwa ta ƙwanƙwasa kofi ki ji wani abu ya tokare miki ƙirji, ki amsa da tsawa, sannan ki koma bayi ki yi kuka kina cewa ke wace irin 'ya ce. Ba muguwar 'ya ba ce ke. Mutum ce da ba ta yi barci ba. In kin ji abin yana tasowa, ki tabbatar majinyaci ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida, ki yi alwala ko ki wanke fuska, ki dawo bayan 'yan mintoci.

Mu malaman jihar nan akwai ƙarin wani tsoro a ranmu. Tun jarrabawar 2017 da ta yi sanadin sallamar malaman firamare sama da dubu 21, da yawa ba sa son a ga sunansu a takardar neman izini ko da suna rawar sanyi. Amma zuwa aji da zazzaɓi ba ya kare aikin kowa. Abin da yake karewa shi ne takarda: ki rubuta neman izini, ki haɗa da ta asibiti, ki ajiye kwafi.

Masu cewa neman hutu raki ne, ko rashin son lada, su tuna da Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya tarar da ɗan'uwansa yana azumi da rana yana tsayuwa da dare har ya manta da iyalinsa, sai ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ma an ce a sassauta saboda jiki, ina ga wankin zannuwa.

Ki samu mutum ɗaya da za ki iya gaya wa “na gaji” ba tare da ya yi miki wa'azin haƙuri ba. Wata a Islamiyya take samu, wata abokiyar aikina da take zuwa daga Sabon Tasha a zumuntar matan cocinsu ta samu, har suna karɓar mata kwana a asibiti. Amma in baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, abin da kike so da ya daina yi miki daɗi, barci da cin abinci sun rikice, wannan ya wuce hira. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa, kuma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa ba. Mutane suna zuwa da ƙafarsu, su ga likita, su koma gida a ranar. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. In kuwa tunanin mutuwa ko cutar da kai ya fara zuwa, a ranar za ki gaya wa wani, a ranar za a je.

Ranar da take taki

A Disambar 2021 gwamnatin jiha ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako, makarantun gwamnati suka bi sahu a Janairun 2022. Duk wadda Juma'a ta faɗo hannunta ta wannan hanya ta san abin da ya biyo baya: wanki ya ji labari, biki ya ji, 'yan'uwa ma suka ji, aka ce ai Malama tana gida ranar Juma'a. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota da cefane suka tashi, kowa ta ƙara da lesin ko 'yar sana'a, sai ranar ta zama ta fi sauran cika.

Ban ce ki ƙwace wunin duka ba. Awa biyu ko uku, rana ɗaya a mako, a rubuce a takardar rabon aiki kamar yadda aka rubuta ranar asibiti. Malamar makarantar kuɗi ta zaɓi Asabar ko Lahadi. Hutu kamar adashi yake, in ba a zuba ranar zubi ba, babu kwasa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zama a wurin da ba mai kiran sunanki ya ce miƙo. Ki je kitso da lalle. Ki je Gamji ki zauna a inuwa bakin kogi. Ki je gidan ƙawa ki ce ta ba ki ɗaki da filo. Zuwa Kasuwar Barci sayen kayan makarantar yara ba ya cikin lissafi, gaisuwar mutuwa ma haka. Ranar albashi kuma ki cire wani abu, komai ƙanƙantarsa, kafin a fara rabo, don kuɗin mota da kitson wannan rana.

Kafin ki fita, ki nuna wa mai karɓarki littafin, ki ware magungunan lokacin a 'yar roba, ki nuna inda famfas da zannuwa suke. Ki ce a kira ki in an faɗi, ko numfashi ya canza, ko an kasa farkar da ita, ban da haka a jira ki dawo. In wanda aka sa wa ranar bai zo ba, kada ki toshe gurbin shiru, don in kin toshe sau biyu ya zama naki har abada. Ki kira shi cikin girmamawa ki tambaye shi wace rana zai rama. In kin dawo kin tarar kunun ya yi kauri, an ɗaura mata ɗankwali a karkace, an ajiye fo ba inda kike ajiyewa ba, ki yi godiya ki yi shiru, muddin ba magani aka kuskure ba ko abin da zai shaƙe ta. Wanda aka tare shi da gyara tun daga bakin ƙofa, mako mai zuwa uzuri zai aiko.